Kan Famfon Inna

A gidan da na tashi a cikin garin Gumel akwai wani abu da baƙi ba su rasa yi wa kallon mamaki, wato wani ƙaton kwamin wanka na ƙarfe, wanda a da fari ne sol, yanzu kuwa ya yi ja-ja kamar haƙorin mai cin goro. An girka shi a makewayi tun sa'ad da aka gina gidan, a farkon shekarun 1970, zamanin da Gumel take cikin Jihar Kano, Audu Bako yana gwamna. Gidan ma'aikata ne da aka zana bisa tsarin gidajen Turawa, kuma kawuna, wanda ya yi aikin malamin gona a Gagarawa da Sule Tankarkar da Maigatari, shi ya zauna a ciki har ya saye shi da ya ajiye aiki. Tun da nake ban taɓa ganin wani mahaluki ya shiga kwamin nan ya kwanta ba. Bahaushe da bokiti da moɗa yake wanka. A ƙasa irin tamu kuwa, mutum ya kwanta cikin ruwa jarka takwas domin ya wanke jiki ɗaya, sa'an nan ya buɗe ƙasa ya zubar, ai sai dangi su taru a yi masa rubutu. Saboda haka matar kawun nawa, wadda muke kira Inna, ta toshe ramin kwamin, ta sa aka yi masa murfin katako, ta mai da shi randa.

Ruwan famfo ba kullum yake zuwa unguwarmu ba. A shekarar da nake ba da labari, wato 2023, sau biyu yake zuwa a mako, daren Talata da daren Juma'a, kuma galibi sai sawu ya ɗauke. Idan ya zo, ta kan famfon da ya fito daga bango a saman kwamin yake zuba, ya cika shi, daga nan a ɗiba a cika tuluna da jarkoki. Da abin da aka tara ake girki da wanka da alwala har wani zuwan. To, kan famfon nan ya tsufa. Ko an murɗa shi iya ƙarfi ba ya rufuwa sarai, sai ya yi ta zuba siriri kamar zare, kwamin ya cika ya tumbatsa, ruwa ya bi rariya ya fita waje. Inna ta ɗaure shi da robar tayar keke, ta sa an sake masa ɗan robar nan na ciki da ake kira washa ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, duk a banza. Ƙarshe sai ta daina barci a daren ruwa. Takan shimfiɗa tabarma a bakin makewayi, in ta ji kwamin ya kusa cika ta tashi ta kwashe a bokiti, ta koma ta kishingiɗa, har masu ruwa su ɗauke abinsu da asuba. Tsohuwa ce da ta ba saba'in baya, ga ciwon gwiwa, kawu kuma Allah ya yi masa rasuwa tun 2019.

Mai karatu, in daga ƙasar kogi ka fito, kana iya cewa wannan wahala ta yi yawa a kan ɗan ruwan da bai taka kara ya karya ba. Sai ka yi haƙuri in gaya maka inda Inna ta fito. A wani ƙauye na ƙasar Sule Tankarkar aka haife ta. Ƙasar Gumel duk jigawa ce, rairayi ne ko'ina, babu wani babban kogi da ya ratsa ta, damina gajera ce, rani kuwa dogo. Ruwa a ƙarƙashin ƙasa yake, can nesa. Inna takan ce rijiyar ƙauyensu gaba ashirin ce da ɗoriya, in ka leƙa ba ka ganin komai sai wani ɗan haske kamar ƙwayar ido, kuma da sa ake jan guga, yaro ya kora shi ya yi ta tafiya da igiya har ya kusa fita gari kafin guga ya iso baki. Tana amarya aka yi farin 1973, tana da 'ya'ya aka yi na 1984. Ta sha ruwan tafki ta yi kurkunu, har yau ga tabon nan a idon sawunta, cutar da sai a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an rabu da ita a Nijeriya. Ta ga zuwan famfon tuƙa-tuƙa ƙauyuka a shekarun 1980, ta kuma ga yadda mata suke jera tuluna a bakinsa tun kafin kiran assalatu. Wadda ta ga wannan duka, ba ta iya kwanciya tana jin ruwa yana bin rariya. Ni da kunnena na ji ta tana cewa ranar gobe za a tambayi mutum ruwan da ya zubar.

Cikin watan Mayu na zo gida hutu, ana tsakiyar zafin bazara. Na ga halin da take ciki a daren Talata, abin ya sosa mini rai, na ce a zuciyata wannan ai ba aikin da za a jira wani ba ne. Kan famfo ne kawai, a kwance tsoho a ɗaura sabo. Na yi shekara uku a jami'a, na karanta nahawu da tsarin sauti, na rubuta takarda guda a kan kalmomin aro, har malaminmu ya yaba. A cikin takardar nan na yi bayani dalla-dalla yadda kalmar famfo ta fito daga kalmar Ingilishi mai nufin na'urar zuƙo ruwa, yadda Bahaushe ya sauya harafin farkonta domin ya dace da bakinsa, ya ƙara mata wasali a ƙarshe, sa'an nan ya faɗaɗa ma'anarta har ta haɗa da bututu da kan da ake murɗawa da ruwan kansa. Na kawo sifana da inci da siminti da bokiti, kowace na faɗi asalinta. Wanda ya san asalin sunan abu, in ji zuciyata, ai abin ba zai gagare shi ba. Inna ta ce in bari Baba mai gyaran famfo ya zo, wani dattijo da ya daɗe yana yi wa gidan aiki. Na aika, aka ce ya yi sammako ya tafi Maigatari, domin ranar Alhamis ce, ranar da kasuwar dabbobin nan ta bakin iyakar Nijar take ci, an kira shi gyaran bututun wurin shayar da shanu. Na ce wa Inna kafin ya dawo zai tarar an gama.

Na ɗauki abin awo na makaranta na auna bakin bututun da ya leƙo daga bango, na ga ya ɗan haura inci ɗaya. Na tafi shagon masu kayan gini na ce a ba ni kan famfo na inci ɗaya. Mai shagon ya dube ni ya ce, "Malam, na tanki ne ko na gona?" Na ce na kwamin wanka ne, kuma na auna da hannuna. Ya yi murmushi ya ce, "Ai bayan bututu ka auna. Sunan bututu daga cikinsa yake. Naka tirikwata ne." Wato inci uku bisa huɗu. Ya ɗauko guda biyu ya aza a gabana, na rabin inci da ake sa wa wurin wanke hannu, da na tirikwata da ake sa wa kwami domin ya cika da wuri. A jikin kwalin wanda na saya na ga an rubuta 20/27, na ce wannan fa? Ya ce kayan da suke shigowa ta Nijar haka ake rubuta musu, lissafin Faransa ne, amma tiredin ɗaya ne, zai shiga.

Daga baya na bi diddigin wannan magana, na tarar gaskiya ya faɗa, kuma labarin yana da daɗi. Wani injiniya Bature a Ingila, Joseph Whitworth, shi ne a 1841 ya kawo shawarar a daidaita tiredin noti da ƙusa, domin kafin nan kowace masana'anta da irin nata. A tsarinsa kowane haƙori yana da kusurwa mai digiri 55, kuma daga nan aka samo tiredin bututu na Ingila, wanda a bututun rabin inci da na tirikwata haƙora goma sha huɗu ne a kowane inci. Amurkawa suka ware da nasu mai digiri 60, shi ya sa kayansu ba su zama daram a namu. Faransa kuwa, duk da ita ce uwar mita da santimita, tiredin Ingila take amfani da shi a bututun ruwa, suna kawai ta sake masa, rabin inci ya zama 15/21, tirikwata ya zama 20/27. Mu nan Nijeriya mun bar tuƙi ta hagu a 1972, mun bar fam da sule a 1973, mun koma mita da kilo, amma bututun da ke cikin bangonmu har yau da inci yake magana. Da na san wannan tun ina rubuta takardata da na ƙara shafi biyu. Ko da yake, kamar yadda za ka gani, da bai hana abin da ya faru ba.

Na dawo gida da azahar, na ari babbar sifana mai haƙora wajen wani mai gyaran babur. A lokacin ruwan da ya rage a kwamin bai fi kashi ɗaya cikin uku ba, shi ne kuma abin da gidan zai yi amfani da shi har dare. Na ture murfin gefe domin in sami wurin tsayawa. Na kama wuyan tsohon famfon na murɗa, ko motsi bai yi ba. Shekara hamsin ke nan yana wurin. Na tuna masu gyaran keke sukan zuba kananzir a notin da ya ƙi, na ɗebo a kwalba na ɗiɗɗiga masa, na ajiye kwalbar a gefen kwamin, na jira kaɗan. Na sake murɗawa, shiru. Sai na samo guntun bututu na zura a hannun sifanar domin ta ƙara tsawo, na dafe bango da ƙafa ɗaya, na sa ƙarfina duka. Na ji ya motsa. Kai, har na fara murna. Ashe ba famfon ne ya kwance ba, bututun ne ya karye can cikin bango. Na yi baya taga-taga, famfo da sifana da kwalbar kananzir duk suka afka cikin ruwan Inna.

Garin neman gira an rasa ido. Na tsaya ina kallon kananzir yana yaɗuwa a kan ruwa launi-launi, ga wani rami baƙi a bango, garin tsatsa yana zubowa daga ciki. Na ruga waje wajen makunnin da ke rufe ruwan gidan gaba ɗaya, na tone ƙasar da ta binne shi, na tarar shi ma ya daskare a buɗe, kuma wannan karon ban yi gigin sa masa ƙarfi ba. Sa'an nan ne lissafin ya fito mini sarai. Daren Juma'a ruwa zai zo. In ya zo ya tarar da bututu a karye cikin bango, ba kwami zai zuba ba, cikin bulo zai bi, bayan bangon nan kuwa ɗakin Inna ne, inda buhunan geron da aka kawo mata daga ƙauye suke jingine. In kuma aka samu aka toshe shi, to, gidan ya rasa ruwa har Talata.

Inna ta zo ta tsaya a bakin ƙofa. Ta dubi ruwan, ta dubi bangon, ta dube ni. Da ta yi faɗa da na ji sauƙi. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ba ka ji ciwo ba dai ko, ɗan nan?" Na ce a'a. Ta ce to, in kwashe ruwan in zuba a gindin darbejiya kada akuya ta sha. Ina kwasa tana tsaye, tana bin kowane bokiti da ido har ƙofar gida. Da na gama ta yafa mayafi ta shiga maƙwabta ta aro jarka biyu, domin 'yan ga-ruwa a irin wannan zafi tun hantsi suke sayar da nasu. Aron ruwa ba abin kunya ba ne a unguwarmu, amma Inna ita ce mai bayarwa, saboda kwamin nan. Ban taɓa ganin ta je nema ba sai ran nan. Muka ja buhunan gero zuwa tsakar ɗaki, na fere guntun ice na naɗe shi da roba na cusa a ramin, ni da kaina na san in ruwa ya zo da ƙarfi tofar da shi zai yi.

Sai bayan sallar isha'i Baba mai famfo ya iso, ƙurar Maigatari har a gira, da jakarsa ta buhu a bayan keke. Suka gaisa da Inna, ta yi masa ban gajiya. Ya karɓi tocila ya haska ramin, ya ɗauki karyayyen bututun ya jujjuya, ya ce, "Samari, da sifana nawa ka kama shi?" Na ce da ɗaya, Baba. Ya ce, "To, wa ya riƙe maka bututun?" Ban da amsa. Ya ce tsohon ƙarfe da biyu ake kama shi, ɗaya ta riƙe bututu kada ya juya, ɗaya ta murɗa kan, in ba haka ba duk ƙarfin da ka sa can cikin bango yake tafiya, ya nemi inda ya fi rauni. Ya nuna mini bakin karayar. Ƙarfen ya zama siriri kamar ɓawon albasa. Ya ce wurin tiredi dama shi ne mafi ƙarancin kauri, tun da yanka shi aka yi, kuma duk inda tagulla ta haɗu da baƙin ƙarfe cikin ruwa, ƙarfen ne yake cinyewa, tagullar ta zauna lafiya. Wannan magana daidai take da abin da masana kimiyya suke faɗa game da ƙarafa biyu mabambanta da suka haɗu a cikin ruwa, shi kuwa Baba ko aji ɗaya bai yi ba.

Ya miƙo mini tocilar ya ce in riƙe, kada in girgiza. Wannan shi ne aikina a daren, kuma shi ne aikin da ya dace da ni. Ya sa kurfi da guduma ya sassaƙe siminti a hankali, faɗin tafin hannu, har gwiwar bututun da ke cikin bango ta bayyana, da guntun da ya karye a maƙale cikin bakinta. Na ɗauka zai fasa bangon duka ya sake gwiwar. Sai na ga ya zaro karyayyen zarton ƙarfe, ya naɗe gindinsa da tsumma, ya zura a cikin guntun ya shiga yanka daga ciki, sannu sannu, yana tsayawa yana hurawa yana dubawa, domin in ya zarce ya taɓa tiredin gwiwar, aikin ya lalace. Ya yanka wuri biyu. Sa'an nan ya sa bakin kurfi ya ƙwanƙwasa, guntun ya lanƙwashe ciki ya faɗo a tafinsa kamar ruɓaɓɓen haƙori. Wannan kaɗai ya ci fiye da sa'a guda, kuma duk tsawon lokacin bai ce uffan ba, sai ni da nake ta kasa kunne ko zan ji motsin ruwa a bututu.

Ya goge tiredin da tsohon burushi, ya ɗauko sabon guntun bututu daga jaka. Ya naɗa masa farin zaren roban nan mai santsi, wanda asalin sinadarinsa a Amurka aka gano shi a 1938. Ya ce lokacin da yake yaron shago babu wannan, zaren rama suke naɗawa su shafa fenti. Ya nuna mini yadda ake naɗi, ka fuskanci bakin bututu ka bi yadda hannun agogo yake tafiya, domin in ka naɗa a juye, kana ɗaurawa yana warwarewa. Ya ɗaura da hannu tukuna har ya tsaya, ya ce abin da bai shiga da hannu ba kada a tilasta shi da ƙarfe, sa'an nan ya ƙara da sifana kaɗan. Da ya zo kan sabon famfon da na sayo sai ya auna shi a tafin hannu, ya auna tsohon a ɗaya hannun, ya taɓe baki. Tsohon tagulla ce zalla, mai nauyi. Sabon kuwa ƙyalli ne a waje, ba nauyi. Ya buɗe tsohon ya haska mini cikinsa, na ga wata 'yar hanya da ruwa mai rairayi ya sassaƙa a mazaunin washa, shi ya sa ko an sa sabuwa ba ta rufewa. Ya ce wa Inna, "Hajiya, za a sa sabon yau don a sami ruwa. Wannan kuwa kada a ba 'yan gwangwan. Zan tafi da shi in goge mazaunin, in sabon ya yi shekara biyu ya gaji a mayar da shi." Ya ɗaura sabon, sifana ɗaya a bututu ɗaya a famfo, ya tsayar da bakinsa yana duban kwami. Ya ce kada a shafe ramin da siminti sai an ga ruwa.

Inna ta kawo masa fura. Da aka zo biya na zaro kuɗin motar da zan koma makaranta da su, ta harare ni, na yi kamar ban gani ba. Baba ya ƙirga ya mayar mini da rabi, ya ce sauran ladan riƙon tocila ne. Ya kuma ce gobe in Allah ya kai mu zai dawo ya duba makunnin waje, kada kowa ya taɓa shi, yana faɗa yana dubana.

Muka wanke kwamin da toka da sabulu sau uku, da ɗan abin da ya rage na ruwan aro, har warin kananzir ya tafi. Na ce wa Inna ta je ta kwanta, ni zan yi gadi. Ta shiga ɗaki, amma na ji ba ta rufe ƙofa ba. Wajen ƙarfe uku na dare bututu ya fara tari, iska ta fito da huci, sa'an nan ruwa ja ya biyo, na tare shi a bokiti har ya washe. Na yi yadda Baba ya ce, na yago takarda daga littafina na goga a mahaɗin, na haska. A bushe take. Da kwamin ya cika na murɗa kan, ruwan ya tsaya cak, na zauna ina kallon bakin famfon ina jiran ɗigo, bai zo ba.

Ina nan zaune na ji takunta a bayana. Ta sa yatsa ta shafa bakin famfon, ta duba, ta shafa bangon. Sa'an nan ta ce in cika jarkokin nan biyu na maƙwabta tun kafin a ɗauke ruwa, in ƙara da bokiti ɗaya, in ajiye musu a bakin ƙofa.